Titin Abuja zuwa Kano da Nauyin da Aka Ɗora Masa

Daga Zuba, bakin Abuja, zuwa shigar Kano ta Na'ibawa, kimanin kilomita 375 ne. Injiniyoyi sun raba shi kashi uku: kilomita 165 daga Zuba zuwa Kaduna, 73 daga Kaduna zuwa Zariya, sai 137 daga Zariya zuwa Kano. Mota mai lafiya a kan titi mai lafiya za ta cinye wannan tazara cikin awa huɗu da 'yan mintoci, ba tare da direba ya yi ganganci ba. Amma an shafe shekaru matafiyi ba ya iya yi wa mai tarbarsa alkawarin lokaci. Iyakarsa ya ce ga mu nan mun taso, in Allah ya sa hanya ta yi kyau. Wani ya isa da la'asar, wani ya kwana a Tafa cikin cunkoso, wani kuma sai bayan danginsa sun sayar da gona sun biya kuɗin fansa.

A taswirar gwamnatin tarayya, wannan titi yanki ne na babbar hanyar da ake kira A2. Ta taso daga yankin Neja-Dalta, ta ratsa Warri da Benin da Auchi da Okene, ta haye kogin Kwara a gadar Murtala da ke Jamata, arewa da Lokoja, ta shigo Abuja. Daga Zuba ta wuce gindin dutsen Zuma, ta bi Suleja da mahaɗar Dikko da Sabon Wuse da Tafa da Jere da Katari da Rijana har Kaduna. Daga Kawo ta ɗauki Rigachikun da Mararrabar Jos da Jaji zuwa Zariya, sannan Tashar Yari da Kwanar Dangora da Kadawa da Kura da Tamburawa zuwa Kano. Ba a nan ta tsaya ba, domin ta zarce Kazaure da Daura har Kwangwalam, inda ta miƙa hannu ga hanyar Matamaye da Damagaram. Tsakanin Kaduna da kan iyaka, ita ce kuma rabon Nijeriya na arewa a cikin doguwar hanyar nan mai ratsa Sahara, wadda aka tsara daga Aljas ta bi Tamanrasset da Agadas zuwa Legas.

Kashi ukun nan ba sa'annin juna ba ne. Kowanne da abin da ya haife shi, kuma har yau halinsa na bin asalinsa.

Tsakanin Kano da Zariya hanya ta girmi mota da ɗaruruwan shekaru. Nan fatake ke bi da jakai da takarkarai, suna ɗauke da kanwa da rinannun tufafi irin na Kura, wasu su nufi Nufe, wasu su ci gaba har Gwanja neman goro. Ayari yana da madugu, yana da jagaba mai duba gaba, yana da zangon da aka san za a sauka. A bakin kogi a biya kuɗin fito, a garin sarki a kai gaisuwa. Wannan biya ba kyauta ba ce. Sarkin da ya karɓi kuɗin fatake ya ɗauki haƙƙin tsaron hanyarsa, kuma ya san idan 'yan fashi suka addabe ta madugai za su karkata wani wuri, kasuwarsa ta mutu. Shi ya sa gefen wannan kashi yake cike da garuruwa da gonaki da kasuwanni. Da wuya ka yi tafiyar minti biyar ba ka ga mutum ba.

Kashi na tsakiya ɗan jirgin ƙasa ne. Turawan mulki sun shimfiɗa dogo daga Baro, bakin Kwara, suka iso Kano da shi a 1911, sannan suka tashi hedikwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna a 1917. Garin da babu shi a lissafin fatake ya zama wurin da kowane sarki da kowane ma'aikaci ke zuwa. Amma a tsarin Turawa, kaya masu nauyi rabon dogo ne. Gyaɗa da auduga da fata da ƙirgi da kuza duk ta kan ƙarfe suke gangarawa teku, hanyoyin mota kuwa aikinsu su kawo kaya tasha. Dalar gyaɗar Kano da ake tunawa da ita tare da sunan Alhassan Ɗantata, buhuna ne masu jiran tarago. A wancan zamani ba wanda ya yi tunanin kwalta za ta ɗauki wannan lodi.

Kashi na kudu shi ne auta, kuma siyasa ce ta haife shi. A 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta karɓi shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda ta tsayar da sabon babban birni a tsakiyar ƙasa, ranar 12 ga Disamba 1991 kuma Janar Babangida ya tare a Abuja. Kafin nan, mutumin Kaduna da ya nufi Legas ta Birnin Gwari da Tegina da Mokwa da Jebba yake bi. Hanyar Jere da Tafa tana nan, sai dai ba ita ce uwa ba. A zamanin Babangida, daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa farkon na 1990, aka mayar da titin mai hannu biyu har Kano. An ratsa shi ta ƙasar Gbagyi da Koro da Adara, inda ƙauyuka ke nesa da juna, daji kuma ya miƙe yamma har ya haɗu da na Birnin Gwari da na jihar Neja. An zuba kwalta a tsakiyar dajin, amma ba a bi ta da abin da ke sa hukuma ta zauna a wuri ba: hanyoyin karkara masu shiga ciki, makarantu, asibitoci, ofisoshin 'yan sanda masu kayan aiki. Bayan shekara ashirin da biyar an ga sakamakon haka.

Waɗanda suka bi titin yana sabo suna ba da labarinsa da sha'awa. To me ya cinye shi? Amsar da aka saba bayarwa ita ce 'yan kwangila sun yi ha'inci, gwamnati kuma ta yi sakaci. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ta isa ba. A ganina babban abin da ya kashe titin nan shi ne jaki ɗaya aka ɗora wa kayan jakai uku.

Na farko kayan dogo. Tun daga shekarun 1980 jirgin ƙasa na Legas zuwa Kano ya soma ja da baya har ya kusan tsayawa cak. An farfaɗo da shi a ƙarshen 2012, amma bai ƙara karɓar dakon da yake yi a da ba. Siminti daga Obajana, taki da shinkafa da kwantenoni daga Apapa, shanu da wake da albasa masu gangarawa kudu, duk suka koma bayan tirela. Na biyu kayan bututu. An buɗe matatar mai ta Kaduna a 1980, an kuma haɗa daffo-daffo na Suleja da Kaduna da Kano da Gusau da bututun da zai riƙa kai musu mai ta ƙarƙashin ƙasa. Matatar ta daina aiki, masu fasa bututu suka gama da sauran, sai ya zamana kusan duk litar fetur da ake ƙonawa a Arewa maso Yamma tanka ce ta ɗauko ta daga bakin teku. Da ambaliya ta rufe hanya a Koton Karfe a 2022, tankoki suka maƙale, cikin 'yan kwanaki layin mai ya dawo Abuja da garuruwan da ke bayanta. Na uku kayan sauran hanyoyi. Titin Kaduna zuwa Birnin Gwari ya lalace, 'yan bindiga suka mamaye shi, direbobin manyan motoci da yawa suka ƙaurace masa suka dawo ta Suleja. Mahaɗar Dikko, inda hanyar Minna da Bida ta haɗu da wannan titi, ta koma wurin da tireloli ke cin karo dare da rana.

Nauyi kuwa ba ya cin titi daidai-wa-daida. Tsakanin 1958 da 1960 an yi wani gwaji a jihar Ilinoi ta Amurka, inda aka shimfiɗa tituna na gwaji aka sa manyan motoci masu lodi daban-daban suna zagaya su har suka farfashe. Abin da aka gano shi ne har yau injiniyoyi ke aiki da shi: idan ka ninka nauyin da ke kan layin tayoyi guda sau biyu, ɓarnar da zai yi wa titi tana ninkuwa kusan sau goma sha shida. Ƙa'idar ƙasashen ECOWAS ta ce kada layi guda ya wuce tan 11.5. Idan aka yi obalodi ya kai tan 16, ƙarin bai kai rabi ba, amma ɓarnar ta kusan ninka huɗu. Tirela guda mai irin wannan lodi ta fi dubban ƙananan motoci cin kwalta. Duk wanda ya taɓa bin bayan motar da aka ƙara wa bodi, aka tula mata buhuna har ta karkace, sannan mutane suka hau saman buhunan, ya ga abin da ake nufi. Ban ɗora wa direba laifin shi kaɗai ba. Man gas ya yi tsada, taya ta yi tsada, a kowane shinge sai ya miƙa wani abu, kowace jiha da irin rasitinta. Mai mota ya yi lissafi ya ga in bai ƙara lodi ba tafiyar faɗuwa ce. Ribar obalodi tana shiga aljihun mutum guda, asararsa kuma ta rabu a kan kowa, kuma muddin babu sikeli a hanya haka za a ci gaba.

Abokin aikin nauyi shi ne ruwa. Kwaltar da muke gani ɓawo ce kawai, kaurinta bai wuce tafin hannu ba. Ƙarfin titi yana ƙasa, a cikin marmara da tsakuwar da aka daddanne da rola. Taya mai nauyi tana wucewa sai ɓawon ya ɗan lanƙwasa ya dawo, yau da gobe har ya tsage, tsaga siririya da ko tsinke ba zai shiga ba. Damina ta zo, ruwa ya bi tsagar ya sauka, marmara ta jiƙe ta yi laushi. Tirela ta gaba ta danna, ruwan ya fito da laka, ƙarƙashin kwalta ya zama kogo. Mako biyu sai ka ga wuri ya farfashe kamar an zana shi, mako huɗu ɓallin farko ya fita, kafin kaka ramin ya isa ya fasa taya ya karya ƙafar mota. A ranar da tsagar ta bayyana, mutum biyu da tukunyar narkakkiyar kwalta sun isa su toshe ta. Bayan damina biyu sai an kawo katafila. Haka kwalbatin da yashi da leda suka toshe, da kafaɗar titin da ta zaizaye har ruwa ke kwanciya a gefen kwalta. A wuraren da manyan motoci ke kwana a kan titi, irin Tafa da Mararrabar Jos, akwai ƙarin bala'i, domin man gas da baƙin man da ke ɗiga daga injin suna narkar da kwalta.

Wa ke da alhakin toshe tsagar? An kafa hukumar gyaran titunan tarayya, FERMA, a 2002. A ƙarshen 2003 Shugaba Obasanjo ya sa aka rushe shingayen karɓar kuɗin hanya a faɗin ƙasa, bisa hujjar cewa kuɗin na zurarewa, da niyyar maye gurbinsu da harajin naira ɗaya da rabi a kan litar mai. Ƙungiyar ƙwadago ta tashi tsaye, harajin bai zauna ba. A 2007 aka gyara dokar hukumar aka tanadi kashi 5 cikin 100 na kuɗin fetur da man gas domin gyaran hanyoyi, amma hukumar ta yi shekaru tana kukan cewa kuɗin ba ya zuwa hannunta. Aka bar titin da ya fi kowanne aiki a Arewa ba shi da wata tsayayyar hanyar samun kuɗin kula da shi, sai abin da kasafin shekara ya yaga masa, shi ma in an saki.

Akwai wani abu da ya faru a 2017 da nake ganin bai kamata a manta da shi ba. A watan Maris na shekarar aka rufe filin jirgin saman Abuja na mako shida domin gyaran titin saukar jirage, aka karkatar da jirage zuwa Kaduna. Ministoci da jakadu da manyan 'yan kasuwa dole su bi hanyar mota. Cikin 'yan makonni aka cike ramuka, aka share gefen titi, aka jera jami'an tsaro da motocin sintiri da na ɗaukar marasa lafiya. Hanya ta yi lafiya, ta yi tsaro. Da aka buɗe filin Abuja a watan Afrilu, abubuwa suka soma komawa gidan jiya. Wannan ya nuna ana iyawa, kuma mutanen Katari da Jere sun gani da idonsu don wa ake iyawa.

A watan Disamba na 2017 gwamnatin Buhari ta ba kamfanin Julius Berger kwangilar gyaran titin baki ɗaya a kan kimanin naira biliyan 155, da wa'adin wata 36. Aka ƙaddamar da aiki a tsakiyar 2018, lokacin Babatunde Fashola na ministan ayyuka. An sa shi cikin manyan ayyuka uku da wani asusu na musamman na shugaban ƙasa zai ɗauki nauyinsu, tare da titin Legas zuwa Ibadan da gada ta biyu a kan Kwara, har aka zuba wa ukun dala miliyan 311 na kuɗin Abacha da aka dawo da su daga tsibirin Jasi a 2020. A watan Maris na 2021 majalisar zartarwa ta ɗaga kuɗin kwangilar zuwa naira biliyan 797, da bayanin cewa an sauya aikin daga gyara zuwa sake gini tun daga tushe. Bayanin na da ma'ana, domin titin da tushensa ya ruɓe ba ya karɓar faci. Tambayar ita ce yadda aka yi ba a san da ruɓewar ba kafin a sa hannu a takarda ta farko. Binciken ƙasa da ƙirga manyan motoci aiki ne na watanni, kuma shi ya kamata ya riga kwangila. Da aka yi gaggawar ba da aiki kafin a gama tsara shi, an ci shekara uku ana aiki a kan lissafin da daga baya aka watsar.

A watan Mayu na 2023, kwanaki kafin ya sauka, Buhari ya buɗe ɓangaren Kaduna zuwa Zariya zuwa Kano, kuma duk mai bin sa ya san an samu sauƙi na gaske. Ɓangaren Abuja zuwa Kaduna, wanda ya fi lalacewa kuma ya fi haɗari, shi aka bari a baya. Daga nan aka cire tallafin mai, aka saki naira, dalar da ake saya a kan ɗari huɗu da wani abu ta haura 1,500. Kwalta daga waje ake sayo ta, haka injuna da kayan gyaransu. Kamfani ya nemi ƙari, sabon ministan ayyuka David Umahi ya tsaya a kan biliyan 740, kamfani ya ce sai 903, a watan Nuwamba na 2024 gwamnati ta soke kwangilar. A farkon 2025 aka ba kamfanin Infiouest ragowar aikin, da sharaɗin a zuba kankare mai rodi a maimakon kwalta. Aikin da aka ce na shekara uku ya haura bakwai.

Jinkirin nan ba a takarda ya tsaya ba. Idan ana aiki a hannu ɗaya, sai a karkatar da motocin duka ɓangarorin su koma ɗaya hannun, a jera duwatsun kankare ko durom-durom a tsakiya, wani wurin ma babu komai. Mai Sharon da ya ɗauko fasinja daga Kano yana son ya juyo a ranar, ga tirela a gabansa tana tafiyar hawainiya, ga ƙura ta rufe ido, sai ya leƙa ya fita. Da yawa daga cikin taho-mu-gama da aka yi ta ji a shekarun nan a irin waɗannan wurare suka faru. Tirela guda ta faɗi a inda babu wurin kaucewa, motoci su yi layi na kilomita da yawa, mai ciki da mara lafiya da jariri su kwana a daji. Ranar 18 ga Janairu 2025 tankar fetur ta kife a mahaɗar Dikko, jama'a suka taru kwasar mai, wuta ta tashi, fiye da mutum 80 suka rasu. Bayan wannan da irinsa ne hukuma ta hana tankoki masu ɗaukar lita 60,000 hawa titi daga watan Maris na shekarar. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Man da ya ƙone su, da bututu na aiki, ta ƙarƙashin ƙasa zai wuce.

Sai maganar tsaro, wadda ba ta rabuwa da maganar rami, domin inda mota ke rage gudu nan ake tare ta. Daga wajen 2016 sunayen Rijana da Katari da Akilbu suka zama abin faɗuwar gaba. A watan Afrilu na 2019 aka sace shugaban hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa a wannan hanya, aka kashe direbansa. A Nuwamba 2020 aka kwashe ɗaliban sashen Faransanci na Jami'ar Ahmadu Bello. Waɗannan su ne suka shiga jarida. Fasinjojin motocin haya da ba a san adadinsu ba sun fi su yawa nesa ba kusa ba. Mai hali ya koma jirgin ƙasa na Idu zuwa Rigasa da aka buɗe a watan Yuli na 2016, har tikiti ya zama abin cuwa-cuwa, aka ga manyan jami'an tsaro su ma suna layi. Ranar 26 ga Maris 2022 'yan bindiga suka kai hari filin jirgin saman Kaduna, bayan kwana biyu suka dasa wa jirgin ƙasa bam a kusa da Katari, suka kashe mutane, suka tafi da wasu da dama, na ƙarshensu ba su fito ba sai watan Oktoba. Jirgin bai dawo aiki ba sai Disamba. An guje wa titi an bar shi ga talaka, sai ga shi dajin da ya ci titin ya biyo dogo, domin daji ɗaya suka ratsa.

Mutanen ƙauyukan gefen hanyar sun sha wuya biyu. Su aka fi sacewa a gona da cikin gida, su ne kuma matafiya ke wa kallon 'yan leƙen asiri. Matan da ke sayar da doya da rogo da zuma a bakin titi sun rasa ciniki, domin ba direban da ke yarda ya tsaya. An samu sauƙi daga baya da aka kafa sansanonin sojoji a hanyar, motoci suka dawo har da tafiyar dare. Amma sauƙin da ya dogara ga soja a bakin kwalta kaɗai, ba tare da hukuma ta shiga cikin dajin da makaranta da asibiti da hanya ba, yana iya juyawa.

Wanda ke son ya ga abin da titin nan yake ga talaka, ya tsaya Kwanar Gafan da rani. Ruwan madatsar Tiga, wadda aka gina zamanin Gwamna Audu Baƙo aka gama a 1974, shi ke shayar da gonakin Kadawa da Kura da Garun Malam da Bunkure. Tun da asuba ake fito da tumatir, a zuba a manyan kwanduna, a rufe baki a ɗaure da igiya. 'Yan dako su jera su a bayan mota, a gitta itace a kan layin farko kafin a ɗora na biyu, don kada na sama ya danne na ƙasa. Dillali na lissafi, direba na duban rana, domin daga lokacin da aka tsinke tumatir kwanakinsa ƙidayayyu ne, kasuwar Mile 12 ta Legas kuma tana da nisan kusan kilomita dubu. Kowane rami da mota ta faɗa, na ƙasan kwando yana fashewa. Kwana guda a cunkoso cikin zafi, ruwa ya soma ɗiga ta ƙarƙashin bodi. Ɗan kasuwa ya san haka, saboda haka tun a gona yake cire asararsa daga farashin da zai ba manomi. Manomin da bai taɓa zuwa Abuja ba, shi ke biyan kuɗin ramin Jere.

Game da kankare, ina ganin minista Umahi na da hujja. Siminti a gida ake yin sa, a Obajana da Okpella da Sakkwato da Ashaka, ba ya jiran dala. Kankare ba ya narkewa da man gas, ba ya yin kwari a ƙarƙashin taya idan rana ta yi zafi, kuma in an yi shi da kyau ya fi kwalta daɗewa. An gwada shi a titin Obajana zuwa Kabba, mai kilomita 43, inda motocin siminti ke bi. Sai dai ba ya yafe kuskure. Idan tushe bai dannu ba, ko aka rage rodi, ko aka saki motoci a kansa kafin ya yi makonnin da yake buƙata ya ƙeƙashe, zai tsage, gyaransa kuma ya fi na kwalta wuya da tsada. Shi ma da iyakar nauyin da aka lissafa masa. Sabon titi yana kuma zuwa da nasa haɗarin, kamar yadda ake gani tsakanin Zariya da Kano: hanya ta yi santsi, gudu ya ƙaru, ga garuruwan da titi ya raba biyu, makaranta a wannan hannu gidaje a wancan. Inda wurin juyawa ya yi nisa, mai babur zai bi hannun da ba nasa ba. Gadojin masu tafiya a ƙasa, da wuraren juyawa kusa da kasuwanni, da filin kwanan manyan motoci a Tafa da Mararrabar Jos, da ƙarasa hanyar kewaye ta gabashin Kaduna da aka bayar tun 2002, duk cikin aikin titin suke, ko da ba su ne ake ɗauka a hoto ranar buɗewa ba.

Sauke wa titin kaya zai ɗauki lokaci. An ƙaddamar da sabon dogo na Kano zuwa Maraɗi a watan Fabrairu na 2021, da na Kaduna zuwa Kano a watan Yuli na shekarar. Akwai tashar sauke kaya ta kan tudu a Kaduna tun 2018, da ta Dala a Kano tun 2023. Amma sabon dogon da ya taso daga Legas a Ibadan ya tsaya, tsakanin Ibadan da Abuja kuma ba a shimfiɗa ba. Har sai an cike wannan giɓi, kwantenar da ta sauka Apapa za ta ci gaba da zuwa Kantin Kwari a bayan tirela.

Abin da ba ya buƙatar jira shi ne awo da kuɗin kulawa. An dawo da karɓar kuɗin hanya a titin Abuja zuwa Keffi zuwa Makurɗi a farkon 2025, kuma ba mamaki a kawo shi nan idan an gama aiki. Ba na adawa da haka, da sharaɗi uku: babbar mota ta biya gwargwadon nauyinta, kuɗin ya tsaya a kan wannan titi, a kuma riƙa buga abin da aka tara da abin da aka kashe kowa ya gani. In ba haka ba za a maimaita abin da ya sa aka rushe shingayen farko. Dokar taƙaita nauyin manyan motoci kuwa tana nan tun 2018. Sikelin bakin hanya yana da amfani, amma an san yadda shinge ke komawa wurin karɓar na goro. Wurin da ya fi sauƙin kama obalodi shi ne inda ake yin lodin: ƙofar masana'antar siminti da ta taki, daffon mai, tashar jiragen ruwa, manyan kasuwannin hatsi irin Dawanau. Wuraren nan ba su da yawa, galibin manyansu suna da sikeli tun da shi suke ciniki, kuma masu su sanannu ne. A ɗora tarar a kan wanda ya yi lodi da mai motar, a daina tsayawa kan direba da yaronsa, a kuma wajabta wa kowace tirela ta fito da takardar awo daga inda ta taso, wadda jami'i a Zuba ko Kwanar Dangora zai iya gwadawa da abin da sikelinsa ya nuna.